Yadda A Ke Sabunta Tsohon Soro: Daɓe, Siminti da Tayil

In kaka ta yi, an kai gero rumbu, an sayar da wake da gyaɗa, a nan ne maigida ya kan ɗaga kai ya dubi ɗakinsa. Sai ya ga daɓe ya farfashe, bango ya yi baƙi da hayaƙi, ƙura kuwa ko an share da safe kafin azahar ta dawo. A shekarun nan kuma rashin zaman lafiya ya sa mutanen ƙauyuka da yawa sun koma cikin Ƙaura Namoda, da Shinkafi, da Zurmi. Soraye da benayen da a da a ke ajiye tarkace a ciki, yanzu mutane ke kwana cikinsu da 'ya'yansu. To, irin wannan ɗaki ba ya bukatar a rushe shi. Gyara ya ke so. Za mu yi magana a kan abu biyu: ƙasan ɗaki inda yara ke rarrafe, da bangon da ke bayan wurin girki da wurin wanke-wanke.

Me ya sa mu ka fara da ƙasa?

Domin a ƙasa yaro ya ke rayuwa. A nan ya ke zama, a nan ya ke wasa, abin da ya faɗi ya ɗauka ya kai baki. Ƙasar da ba ta da daɓe mai kyau ba ta wankuwa. In yaro ya yi fitsari ko zawo, ta shanye. Ƙwan tsutsar ciki ya kan zauna cikinta. Ƙuma da jiga su kan hayayyafa cikin ƙurarta, kunama kuma ta sami tsaga ta ɓuya.

Wannan ba zato ba ne, an gwada. A ƙasar Meksiko, can kudu da Amurka, gwamnatin wata jiha mai suna Kowahila ta fara wani aiki a shekarar 2000. Sunan aikin Piso Firme, watau daɓe mai ƙarfi. Gwamnati ta ba da kankare, masu gida su ka yi aikin shimfiɗawa da kansu. Daga baya masana su ka bi gida gida su ka auna yara, su ka buga abin da su ka gani a 2009. Sun ce inda a ka rufe ƙasar gida duka da siminti, tsutsar ciki ga ƙananan yara ta ragu da kashi 78 cikin 100, zawo ya ragu da kashi 49, ƙarancin jini kuwa da kashi 81. Ba allura a ka yi musu ba, ba magani a ka raba ba. Ƙasan ɗaki kaɗai a ka gyara.

Amma ku lura, ƙasar da a ka rufe a can tsurar ƙasa ce mai ƙura. Ba irin daɓen iyayenmu mata ba ce. Sabo da haka kada wanda ba shi da kuɗin siminti ya ce wannan karatu ba nasa ba ne.

Daɓen gargajiya

Tun kafin mu san siminti mu na da daɓe, kuma aikin mata ne. In za a kawo amarya, sai mata su yi gayya, kowace da madaɓinta, su cika ɗaki su na bugu su na waƙa. Tsofaffin cikinku sun san wannan sarai, amma 'yan mata da yawa yanzu ba su taɓa riƙe madaɓi ba. Ga yadda a ke yi.

A fara kwashe tsohon daɓe da ya ruɓe, a daidaita ƙasa. A kawo jar ƙasa ta gini mai tsakuwa, a baza ta ko'ina kamar kaurin yatsa biyu. A yayyafa ruwa, ba da yawa ba, don dai ta jiƙe. A watsa ƙananan tsakuwa a sama. Sa'an nan a shiga bugu da madaɓi, daga ƙuryar ɗaki a nufo ƙofa, har tsakuwar ta nutse, fuskar ta yi sumul. In ya sha iska ya fara tsagewa, a sake yayyafi a sake bugu. Gaggawa ita ke ɓata daɓe. Wanda a ka buga rana ɗaya a ka bari ba ya kai wanda a ka bi kwana uku ko huɗu.

Bayan wannan sai makuba. Makuba ɓawon 'ya'yan ɗorawa ne, wanda ya rage bayan an cire garin da kalwa. A kan jiƙa shi cikin ruwa, wasu su tafasa, har ruwan ya yi ja-ja mai duhu. Inda ɗorawa ta yi wuya, sai a daka 'ya'yan bagaruwa, wadda wasu ke ce wa gabaruwa, a jiƙa. Da wannan ruwa za a riƙa shafe daɓen, a bari ya sha, a sake, har sau da dama. Sai ku ga ya rine ya yi duhu, ya yi tauri, ya na ƙyalli, ruwa ba ya saurin shigarsa.

Mene ne ya rina shi? Akwai wani abu mai bauri cikin makuba da bagaruwa. Shi ne majema ke jeme fatar akuya da shi. Cikin jar ƙasa kuwa akwai ƙarfe, shi ya sa ta ke ja, kamar tsatsa. In baurin nan ya gamu da ƙarfe sai ya koma baƙi. Dukawa sun san haka, gama in su ka shafa ruwan ƙarfe a kan fatar da a ka jeme da bagaruwa, nan da nan ta ke baƙi. Abin da ke faruwa a kan fata shi ke faruwa a kan daɓe. Sai dai a kiyaye, kada a zubar da sauran ruwan makuba cikin tafki ko gulbi, domin ya na bugar da kifi.

Wani abin sha'awa, a ƙasar Ruwanda an kafa wata ƙungiya a 2014, sunanta EarthEnable. Aikinta shi ne yi wa talakawa daɓen ƙasa, a buga shi ya yi tauri, a shafe shi da wani mai da ke bushewa ya toshe ƙofofin ƙasar. Su na yin haka ne domin siminti ya fi ƙarfin mutane da yawa. Kun ga ashe abin da wasu ke koya yanzu, mu gadonsa mu ka yi. Aibin daɓe ɗaya ne: ya na son kulawa. Ƙafar gadon ƙarfe ta na huda shi, turmi ya na fasa shi, kuma lalle a riƙa sabunta masa makuba.

Kafin a taɓa bene, a dubi azara

A nan mu ke so ku buɗe kunne da kyau, domin maganar rai ce.

Benen gargajiya a kan azara ya ke zaune, watau tsagin giginya. An jera azara, an shimfiɗa zana ko ƙirare, an ɗora ƙasa. Magina na da sun san iyakar abin da azara ke ɗauka, shi ya sa ba su barin ta ta yi doguwar tafiya ba tare da ginshiƙi ko bakan gizo ba. Nauyin da su ka lissafa shi ne na ƙasar, da mutane, da 'yan kayansu.

To, sai wani ya sami kuɗi ya ce zai zuba kankare a kan wannan bene. Bari mu yi lissafi. Ɗaki mai ƙafa 10 da ƙafa 12, in an zuba masa kankare mai kaurin inci 2 kawai, nauyin ya kai wajen kilo 1,360. Watau ya fi buhun gero 13 masu kilo ɗari-ɗari. Wa zai jibge buhu 13 a kan tsohuwar azara, ya bar su dare da rana, shekara da shekaru, sa'an nan ya shimfiɗa wa 'ya'yansa tabarma a ƙarƙashi? Ga shi kuma ruwan kankaren zai jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashinsa, ta ƙara nauyi, ta yi laushi.

Sabo da haka shawararmu ita ce, benen azara daɓe ya ke so. A kwashe tsohon, a mai da sabo daidai kaurin wanda a ka kwashe, kada a ƙara. Bugun ma a yi shi a hankali, mata biyu ko uku, ba gayya ba. Kafin a fara, a kira tsohon magini ya shiga ɗakin ƙasa ya dubi azara ɗaya ɗaya. Ya soka wuƙa a bakin kowace, inda ta shiga bango, gama nan ne gara da ruɓa su ke farawa. Wadda wuƙa ta nutse cikinta, a canza ta. In rufin sama ya na yoyo, ko indararo ya karye, shi za a fara gyarawa. Ba a yi wa ɗaki kwalliya ruwa na zuba ta kansa.

Benen da a ka yi da kankare da rodi, wanda a ke ce wa dakin, shi ba ruwansa da wannan tsoro. Ya na ɗaukar shafen siminti na inci ɗaya. Haka kuma ɗakin ƙasa, kowane iri ne.

Daɓen siminti

Wani magini a Ingila mai suna Joseph Aspdin shi ya yi rajistar irin simintin nan a 1824. A da daga Turai a ke kawo mana shi. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙaura a 1929, sai jirgi ya riƙa kwasar gyaɗa da auduga ya na sauke kayan kanti, har da siminti da kwanon rufi. Masana'antar farko a Nijeriya an buɗe ta a Nkalagu a 1957. Tamu ta Kalambaina, kusa da Sakkwato, ta fara aiki a 1967, domin akwai farar ƙasa mai yawa a wurin. Ita a ke ƙonawa da yumɓu cikin wuta mai tsanani, a niƙa, ta zama siminti.

Akwai abu guda da in kun gane shi, kun gane rabin aikin. Siminti ba bushewa ya ke yi ya yi ƙarfi ba. Ruwa ya ke sha ya zama dutse. Laka in ta bushe ta yi tauri, in an jiƙa ta koma laka. Siminti ba haka ba ne. Muddin akwai danshi a jikinsa ya na ta ƙara ƙarfi, in ruwan ya gudu da wuri sai ƙarfin ya tsaya a nan. Wannan ne dalilin da za ku ga daɓen da a ka yi bara ya na ta fid da gari in an share.

Kayan aiki su ne siminti, da yashi, da tsakuwa, da ruwa mai tsabta. Buhun siminti kilo 50 ne, kuma ya kan cika kwanon sarki biyu. In za ku saya, a kasuwar Shinkafi ta ran Alhamis ne ko a kanti cikin Ƙaura, ku danna buhun da hannu. In kun ji dunƙule-dunƙule masu tauri, ya sha danshi, ku bar shi. Yashi kuwa Allah ya hore mana a gulbin Gagare da na Bunsuru in ruwa ya janye. A ɗebo mai kaifi, wanda in an murza ya na cizon hannu. Ga gwaji mai sauƙi: a zuba yashi rabin kwalba, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka ta kwanta a kansa. In lakar ta yi kauri, wannan yashi sai an wanke shi, ko a nemi wani.

A haƙe ƙasar ɗakin, a fid da duk abin da ke ruɓewa. In an tarad da gidan gara, a bi shi har ƙarshe a tone. A zuba tsakuwa ko fasassun duwatsu, a daddale su sosai. A yi ƙoƙari daɓen ya fi tsakar gida tudu da kamar inci 6, don kada ruwan damina ya shigo. Sa'an nan a shimfiɗa leda mai kauri, bakin wannan ya hau kan wancan. Kada ku raina ledar nan. Ita ke hana danshin ƙasa hawowa ya ɓata launi ya ruɓar da tabarma.

Shimfiɗar farko kankare ce mai kaurin inci 3: kwano 1 na siminti, 3 na yashi, 6 na tsakuwa. Ta biyu shafe ne mai kaurin inci 1: kwano 1 na siminti, 3 na yashi da a ka tankaɗe. Ɗaki mai ƙafa 10 da 12 zai ci wajen buhu 7, huɗu a ƙasa, uku a sama. A gauraya kayan a bushe tukuna har launinsu ya zama ɗaya, kāna a sa ruwa kaɗan kaɗan. Leburori su na son kwaɓi mai ruwa-ruwa domin ya fi sauƙin bazawa. Kada ku yarda. Yawan ruwa a cikin kwaɓi ya na raunana siminti, ya sa shi tsagewa. Ruwa a bayan aiki a ke son shi da yawa, ba a cikin kwaɓi ba.

In ɗakin babba ne, a raba shi gida gida, kowane kada ya wuce ƙafa 10, a ja layi mai zurfi a tsakani. Siminti ya kan tsuke in ya na kamawa. In an yi masa layi sai ya tsage a cikin layin inda ba a gani. A madafa da wurin wanka kuma a ɗan karkata daɓen zuwa rariya.

Siminti ya na cin fata. Mai shiga cikin kwaɓi ya sa takalmin roba, in ya taɓa ido a wanke da ruwa mai yawa nan take. Yara kuma a kore su daga wurin.

Launi

Farin-toka na siminti ba kowa ke sonsa ba. Akwai garin launi da a ke sayarwa don wannan, masu kanti su na ce masa oksaid. Akwai ja, da rawaya, da baƙi. Jan shi ne ya fi yawa, shi ne ku ke gani a tsofaffin ofisoshin En'e da makarantu da gidajen ma'aikatan jirgi. Asalinsa tsatsar ƙarfe ce, dangin abin da ke cikin jar ƙasarmu, shi ya sa rana ba ta koɗar da shi.

A gauraya garin da busasshen siminti, a tankaɗe su tare sau biyu. Kada launi ya wuce kilo 5 a buhu guda, in ya wuce sai ya rage wa siminti ƙarfi. A auna na ɗakin duka lokaci ɗaya. In an yi ta haɗawa kaɗan kaɗan da ido, sai ɗaki ya fito dabbare-dabbare kamar zanen da a ka rina a marina biyu. Lokacin sawa shi ne sa'ad da shafen ya fara kamawa amma bai bushe ba, in an danna yatsa ya na barin alama kaɗan. A dama garin kamar kunu mai kauri, a shafa siriri da cokalin magini, a goge, a dakata, a sake gogewa har ya yi santsi. Magini mai haƙuri a nan a ke gane shi.

Kashegari sai a fara ba shi ruwa. A rufe shi da buhunan algarara ko tsummoki masu tsabta a jiƙa su, ko a toshe bakin ƙofa da laka a tara ruwa a kai. A yi haka kwana 7 ba fashi. Da hunturu iska ta na zuƙe ruwa da sauri, da bazara kuma zafi, sabo da haka a rufe ƙofa da taga. Bayan kwana 28 siminti ya kai ƙarfin da a ke lissafa masa. A sa'an nan ne za a shafa man goge daɓe, a murza da tsumma.

Wanda ya ke da tsohon daɓen siminti mai ƙarfi, ba sai ya fasa ba. A ƙwanƙwasa shi da guduma. Inda ya yi ƙara kamar ganga, ya rabu da ƙasa, a fasa wurin a cike. Sauran a sassare fuskarsa, a wanke maiƙo da sabulu, a jiƙa shi kwana guda, a shafa kunun siminti, a ɗora sabon shafe mai launi. Fenti kuwa ba mu ba da shawararsa a ƙasa ba, ƙafa ta na kankare shi.

A Amurka akwai wata hanya dabam. A birnin Niyok, tun wajen 1960, masu zane-zane su ka riƙa kama benayen tsofaffin masana'antu da rumbunan kaya su na mai da su gidajen zama, domin arha. Yanzu irin gidajen nan na masu kuɗi ne, kuma da yawa ba su rufe kankaren da kome, sai su rina shi. Su na zuba masa ruwan asid mai gishirin ƙarfe, ya ci fuskar kankaren ya bar launin ƙasa-ƙasa da ba ya goguwa. Mu dai ba mu ga dalilin da mutumin ƙauye zai kawo asid gidan da ke da yara ba, ga oksaid ga makuba.

Gargaɗi a kan dalma

Ba kowane jan gari ne oksaid ba. Akwai wani ja mai ruwan lemo da a ke yi da dalma, a da a kan shafa wa ƙarfe don tsatsa. Guba ne. Ku tambayi mai kanti, ku sa ɗan aji ya karanta abin da ke jikin ƙunshin. Wanda a ka ƙulla a leda ba suna, ku bar shi.

Mu mutanen Zamfara mun san dalma. A 2010 a ka gane yara su na ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Abin da ya faru shi ne, an riƙa kawo dutsen zinariya cikin gida a na niƙawa, dutsen kuwa cike ya ke da dalma. Ƙurar ta kwanta a tsakar gida da ƙasan ɗaki, yara su ka riƙa kai ta baki. Yara sama da 400 su ka rasu. Kafin likitoci su ba da magani sai da a ka kankare ƙasar gidajen a ka kawo sabuwa, domin in an warkar da yaro ya koma kan ƙasar nan, ciwon zai dawo. Na Bagega sai a 2013 a ka yi. Don haka duk mai neman ƙasar daɓe ko yashi, kada ya ɗebo daga inda a ka taɓa niƙa dutsen zinariya ko wanke shi. Buhun da ya ɗauki dutsen ma kada a rufe siminti da shi.

Bangon bayan murhu

Ku dubi bangon da ke bayan inda uwargida ke girki. Miya ta fantsama, mai ya fantsama, ruwan wanke-wanke ya zaizaye gindinsa. Kyankyasai da ƙudaje nan su ke taruwa. Maganin wannan shi ne tayil, watau fale-falen tangaran da a ke mannawa a bango. An gasa shi a wuta, fuskarsa kamar ta faranti, ba ya shan mai ba ya shan ruwa, tsumma ɗaya ya goge shi. Manna tangaran a gini ba baƙon abu ba ne gare mu, magina na da su kan kafa faranti a tsakiyar rufin soro don ado. Wannan kuwa don tsabta ne.

Ba sai an rufe bango duka ba. Wurin da fantsama ke kaiwa ya isa. Ga lissafi, ku yi shi a allo. Faɗin wurin mita 2 ne, watau santimita 200, tsayinsa santimita 75. Tayil ɗin da za a saya santimita 40 ne da 25. In an kwantar da shi, 200 a raba da 40, biyar ke nan a jeri guda. 75 a raba da 25, jeri uku. Biyar sau uku, 15. A ƙara biyu sabo da fashewa, 17. Wanda ya iya wannan lissafi ba ya sayen katan uku inda biyu sun isa, kuma ba mai ce masa kaya sun ƙare alhali ba su ƙare ba.

Sai dai tayil ba ya zama a kan bangon ƙasa. Ƙasa ta na kumbura da damina ta tsuke da rani, siminti kuwa ba ya bin ta. Shekara ɗaya ko biyu sai ku ji ya yi kwararo a ciki, wata rana ya ɓallo gaba ɗaya, watakila a kan mai girki. Wasu su kan kafa ƙusoshi da ragar waya kafin shafe, ya na ɗan ƙara kwana. Abin da ya fi shi ne a gina ɗan gajeren bango na bulo ko jan birki a gaban na ƙasar, iyakar ƙugu ko ƙirji, a kan tushensa na kansa, a manna tayil a jikinsa. Samansa kuma ya zama wurin ajiye gishiri da ludayi. A benen azara kada a yi wannan gini, sabo da nauyin da mu ka faɗa. Can sai a kafa fallen kwano mai santsi a jikin katako a jingina, shi ma ya na goguwa.

In bangon bulo ne, a yi masa shafe, a karce fuskar, a bari ya kwana biyu. A jiƙa tayil cikin ruwa kamar rabin sa'a, in ba haka ba zai tsotse ruwan kwaɓin ya ƙi kamawa. A ja layi madaidaici da ma'aunin ruwa, a fara daga jerin ƙasa. A cika bayan kowane tayil da kwaɓi har kusurwoyi, kada a ɗiga a tsakiya kawai, gama ramin da a ka bari gidan kyankyaso ne. A danna, a ƙwanƙwasa da ƙotar cokali. Tsakanin kowane biyu a sa tsinken ashana don tazara ta zama ɗaya. Bayan kwana guda a cire tsinkayen, a cike tsagar da farin siminti, a goge da jiƙaƙƙen soso tun bai kama ba. In za a yanka tayil da inji, a jiƙa shi, mai yankan ya rufe hanci, ƙurarsa ta na lahani ga huhu.

Harshen wuta ya na fasa tayil. In da risho ko gas ko kurfoti a ke girki, ba kome. In murhun itace ne, a janye duwatsun daga bango kamar kamu ɗaya, kuma a buɗe taga a sama inda hayaƙi zai fita, in ba haka ba kunkunniya za ta rufe aikin cikin wata guda. Tayil mai ƙyalli na bango ne kaɗai. In ya rage, kada a ce bari a shimfiɗa shi a wurin wanka don kada ya lalace. In ya jiƙe santsi gare shi ƙwarai, ga tsofaffi ga masu ciki. Na ƙasa dabam ne, mai kaushi, ku shafa da tafin hannu a kanti kafin ku biya.